Kafin a sa wa na'urar gem ɗinka cip: abin da ya kamata ka sani game da faifan kwafi

Idan kana Rogo, Zarewa, Fulatan, Gwangwan ko Karaye, kuma ka yi niyyar sayen na'urar gem, ko don yaran gida ko don buɗe shagon da samari za su riƙa biya suna buga ƙwallo, maganar farko da za ka ji a bakin mai sayarwa ita ce: "An sa mata cip, kowane faifai tana ci." Da yawa kan gyaɗa kai su biya, ba tare da sun san mene ne cip ɗin ba, balle abin da zai jawo musu nan gaba.

Mutumin da ke cikin birnin Kano, idan na'urarsa ta tsaya, mai gyara yana kusa da shi. Kai da ke kudu maso yammacin jihar, a bakin iyakar Katsina da Kaduna, ƙaramar matsala kan zame maka kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya, da yini guda a hanya, da shago a rufe. Shi ya sa ya fi maka ka fahimci lamarin tun kuɗinka suna aljihu. Bayanin da ke tafe ba ya buƙatar ka taɓa buɗe wata na'ura a rayuwarka.

Wace na'ura ake magana a kai?

Na'urar gem ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙera don wasa. Ana jona ta da talabijin, a riƙe hannun wasa, wanda yara ke kira fad. Wadda maganar cip da faifan kwafi ta fi shafa ita ce PlayStation 2, ko PS2, ta kamfanin Sony na Japan. Ta fito a Japan a watan Maris na 2000, ta isa Amurka da Turai kafin ƙarshen shekarar. An sayar da sama da miliyan 160 a duniya, kuma Sony ya daina ƙera ta a farkon 2013.

Ka riƙe wannan shekarar a ranka. Duk PS2 da ka gani a kasuwa yau ta haura shekara goma da ƙerawa, ko da an kawo maka ita a sabon kwali tana ƙyalli. Kwali da murfi ana iya sauya su, amma kayan ciki tsofaffi ne.

Iri biyu ce. Akwai babba mai kauri, akwai siririya da ta fara fitowa a 2004. A jikin takardar da ke manne a baya ko a ƙasanta za ka ga lambar samfuri da ta fara da SCPH. Idan lambar da ke bin SCPH ta fara da 1, 3 ko 5, babba ce. Idan ta fara da 7 ko 9, siririya ce. Wannan lamba za ta yi maka amfani sau da yawa a gaba.

Mene ne faifan kwafi?

Faifan orijina a masana'anta ake buga shi. Ana danna narkakkiyar roba a jikin wani mazubi na ƙarfe, sai bayanan wasan su zauna a matsayin ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Shi kuwa faifan kwafi, fanko ake sayo shi, a sa a kwamfuta, wani siririn haske mai zafi da ake kira leza ya bi yana ƙona wani shafen sinadari da ke cikinsa. Wannan aikin ne ake cewa bonin, ko ƙona faifai.

Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, na DVD kuma giga 4.7. Megabait da giga ma'aunin yawan bayanai ne, kuma giga ɗaya ta kai megabait dubu. Yawancin wasannin PS2 a DVD suke. Kaɗan daga ciki, irin su God of War II da Gran Turismo 4, a faifai mai hawa biyu aka buga su, mai ɗaukar giga 8.5. Idan aka kawo maka irin waɗannan a faifai na yau da kullum, to an yanke wani abu a ciki.

Akwai kwafi iri biyu, kuma bambancinsu yana da nauyi. Na farko shi ne kwafin ajiya: ka sayi orijina da kuɗinka, ka kwafe shi, ka adana na ainihin don kada yara su kankare shi. Na biyu shi ne wanda wani ya sauko da wasan daga intanet, ya ƙona faifai da yawa yana sayarwa. Kusan duk faifan da ake zubawa a tire a kasuwa na biyun ne, ko da mai shi ya kira shi da wani suna.

Me ya sa na'urar ke ƙin karɓar kwafi?

Da gangan aka ƙera ta haka. Ka ɗauka akwai maigadi a ƙofar na'urar, wanda ba ya duba kayan da ka ɗauko sai ya fara ganin hatimi. Kwafi yana iya ɗauke da wasan gaba ɗaya, ba abin da ya ragu, amma hatimin ne ba shi da shi.

A PlayStation ta farko, wadda ta fito a 1994, hatimin wata 'yar karkacewa ce da aka yi wa layin faifai tun a masana'anta, can kusa da tsakiyarsa. A cikinta aka ɓoye haruffa huɗu: SCEA na Amurka, SCEE na Turai, SCEI na Japan. Kwamfutar gida ba ta iya yin wannan karkacewar, domin faifai fanko yana zuwa da nasa layin a shate, kuma shi leza take bi. A PS2 an ci gaba da irin wannan dabara, aka ƙara mata ƙarfi.

Hatimin yana aiki biyu. Yana hana kwafi, yana kuma raba duniya shiyya-shiyya. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ba ta karɓar wasan Turai ko na Japan, ko da orijina ne. Tunda na'urorin da ke shigowa Najeriya na hannu ne daga ƙasashe daban-daban, wannan shingen kaɗai ya isa ya tura mutane wajen mai cip.

To, mene ne cip, kuma yaya yake aiki?

Cip ɗan ƙaramin allon lantarki ne, bai fi faɗin yatsu biyu ba. Mai gyara yana buɗe na'urar, ya liƙa shi da dalma a jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira fanel, ta hanyar ƙananan wayoyi wajen ashirin. Sunayen da suka yi fice su ne Matrix Infinity, Modbo, DMS4 da Messiah. Yawancin waɗanda ke yawo yanzu kwaikwayon Matrix Infinity ne masu araha.

Aikinsa ɗaya ne. A daidai lokacin da na'urar ke neman hatimi, cip ɗin sai ya aika mata da amsar da take jira, ta ɗauka faifan na gaskiya ne, ta buɗe wasan. Ta haka shingen kwafi da na shiyya suke faɗuwa tare.

Akwai abubuwan da ake jingina wa cip waɗanda ba ya yi. Ba ya ƙara wa na'ura sauri. Ba ya ƙara kyan hoto. Ba ya sa PS2 ta buga wasan PS3 ko PS4. Ba ya kuma gyara na'urar da idonta, wato abin da ke karanta faifai, ya yi rauni. Duk wanda ya ƙara maka kuɗi da ɗaya daga cikin waɗannan alkawura, ya sayar maka da abin da babu shi.

Dole ne sai an buɗe na'urar?

A'a. Akwai hanyoyin da ba a taɓa fanel ko kaɗan.

Tsohuwar hanya ita ce musayar faifai. Ana fara sa wani faifai da aka buga a masana'anta, mai suna Swap Magic, na'urar ta ga hatimi ta gamsu, sannan a zare shi a sa kwafi ba tare da ta san an buɗe ba. Hanyar tana buƙatar jan tiren faifai da hannu ko toshe maɓallan murfi, kuma yawan yin haka yana lalata su.

Wadda ta fi yaɗuwa yanzu ita ce ta memori, wato ɗan katin da ake sokawa a gaban na'ura don adana inda aka tsaya a wasa. Ana zuba masa wata manhaja mai suna Free McBoot. Manhaja ita ce jerin umarnin da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Da an kunna, na'urar za ta karanta katin, ta nuna ƙarin zaɓuɓɓuka. Da an zare katin, ta koma yadda take. Sai dai sirara na jerin 90000 da aka ƙera daga watannin ƙarshe na 2008 ba sa karɓar wannan manhaja, domin Sony ya toshe kafar.

Tare da ita ake amfani da wata manhajar, Open PS2 Loader, ko OPL, wadda ke buɗe wasa daga filashi ko daga babbar ma'ajiyar da ake kira had-disk, ba tare da faifai ba. Filashi yana da nasa cikas: ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne mai jinkiri, don haka bidiyon cikin wasa yakan riƙa sarƙewa, kuma buɗewa takan ɗauki lokaci. Yawancin manyan PS2 suna da gurbin had-disk a bayansu, kuma wannan ya fi filashi sauri nesa ba kusa ba.

Me ya sa nake ganin 'yan wasan yau a tsohuwar na'ura?

Wannan tambaya ce da masu gidan gem ke yawan yi. Kamfanin Konami na Japan, mai wasan ƙwallon Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, ya fitar da na ƙarshe a PS2 a 2013, wato PES 2014. FIFA 14 ma a shekarar ya fito, kuma shi ne na ƙarshe a jerin nasa a PS2. Saboda haka idan ka ga Victor Osimhen ko Ademola Lookman a wasan PS2, ba kamfanin ne ya sa su ba. Masu sha'awa ne suka ɗauki tsohon wasa, suka sauya sunaye, riguna da fuskoki, suka liƙa masa sabuwar shekara.

Mafi shahara a wannan sana'a shi ne Bomba Patch na ƙasar Birazil, wanda ya samo asali a 2007 daga wani gidan gem a jihar Sao Paulo. Irin waɗannan wasanni ba su da orijina ko ɗaya a duniya, don haka ba sa tashi sai a na'urar da aka taɓa. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa PS2 ba ta mutu ba a garuruwa irin namu. Amma ka sani, tunda ba kamfani ne ya gwada su ba, wasu sukan tsaya cak a tsakiyar wasa, kuma laifin ba na na'urarka ba ne.

Shin cip da kwafi suna lalata na'ura?

Suna iya lalata ta, ta hanya biyu.

Ta farko a teburin mai gyara take faruwa. Wuraren da ake liƙa wayoyin ƙanana ne ƙwarai. Ɗigon dalma ɗaya da ya haɗe ƙafafu biyu, ko zafin da ya wuce kima, ya isa ya kashe fanel. Wani lokaci liƙin yakan yi aiki na 'yan makonni, sannan zafi da jijjiga su kwance waya ɗaya, na'urar ta koma nuna baƙin allo.

Ta biyu a hankali take zuwa, kuma ido take ci. Idon na'ura shi ne ɗan gilashin da ke haska faifai da leza yana karantawa. Faifan kwafi ba ya mayar da haske kamar na masana'anta. Idan mai arha ne, ko an ƙona shi da gaggawa, ko ya kankare, idon zai ta kai da komowa yana neman abin da ya kasa gani. Sirara na farko, jerin 70000, an san su da ƙonewar ido a irin wannan hali. Alamomin su ne jinkirin buɗe wasa, ƙarar ƙyas-ƙyas daga ciki, da saƙon da ke cewa an kasa karanta faifai.

Yanayinmu yana ƙara wa lamarin nauyi. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ido, tana toshe fanka. Zafin bazara a ɗakin kwano yana gajiyar da kayan ciki, kuma rana tana ɓata sinadarin faifan kwafi. Ka riƙa rufe na'ura da ƙyalle idan an kashe ta, ka ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, ka adana faifai a gidansa nesa da taga. Idan na gidanka kake kwafewa, DVD-R mai kyau da aka ƙona a hankali ya fi sauƙin karantawa.

Me ya kamata in sani game da wuta?

Sau da yawa cip ake zargi alhali wuta ce ta yi ɓarna. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Ta Amurka 120, ta Japan 100. Babbar PS2 da aka yi wa Amurka ko Japan, idan ka soka ta kai tsaye a bango, nan take za ta ƙone. Dubi lambar ƙarshe ta samfurin: 1 Amurka, 0 Japan, 3 Birtaniya, 4 sauran Turai. Misali, SCPH-39001 'yar Amurka ce. Irin wannan tana buƙatar na'urar rage ƙarfin wuta, sai fa idan an riga an sauya mata sashen wutar ciki. Kada ka dogara da maganar baki, karanta abin da aka rubuta kusa da inda ake soka waya. Yawancin sirara suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, amma su ma ka duba adaftarsu.

Ko wutar KEDCO kake amfani da ita ko janareta, hawa da saukar wuta yana kashe na'ura. Ka sa sitabilaiza, wato na'urar daidaita wuta. Ka bar janareta ya daidaita kafin ka jona, kuma ka cire na'urar kafin a kashe shi. Siririyar PS2 ba ta cin wuta sosai, tsohuwar talabijin mai ƙeya ta fi ta ci, don haka ƙaramin sola da batir da inbata suna iya ɗaukarta idan talabijin ɗin ta zamani ce.

Idan hoto ya fito fari da baƙi, ba lalacewa ba ce. Najeriya tana bin tsarin talabijin na PAL, irin na Turai, Amurka da Japan kuma NTSC. Tsohuwar talabijin da ba ta san NTSC ba takan zubar da launin.

Nawa abin zai ci?

Ka fara da sanin abin da ya haifar da kasuwar. Lokacin da PS2 ta fito a Amurka, dala 299 ake sayar da ita, sabon wasa kuma wajen dala 50. Wasa shida sun kai kuɗin na'urar kanta. A ƙasashen da samun mutane bai kai haka ba, faifan kwafi ne ya cike gurbin.

Farashin yau yana bin dala, yana kuma bambanta daga shago zuwa shago, don haka ka tambayi aƙalla wuri uku kafin ka yanke. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka lissafa duka, ba kuɗin ranar farko kaɗai ba. Hanyar cip da faifai tana da kuɗin cip, da ladan mai liƙawa, da kuɗin mota zuwa da dawowa. Bayan nan akwai faifan da za ka riƙa sauyawa, domin a gidan gem faifan ƙwallo ba ya daɗewa. Akwai kuma sauya ido idan ya mutu, da cinikin da za ka rasa a ranakun da na'urar ke wurin gyara.

Hanyar memori da filashi ko had-disk sau ɗaya ake kashe mata kuɗi, ba a buɗe fanel, kuma ido yana hutawa. Ta fuskar lafiyar na'ura, faifan kwafi shi ne hanya mafi wahalarwa a yau. Idan sana'a za ka yi, ka haɗa da kuɗin fetur, wanda ya tashi sosai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, da kuɗin sauya fad, domin shi ne abin da ya fi saurin lalacewa a hannun samari.

Me dokar Najeriya ta ce?

A ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Dokar tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma wasan gem manhaja ne.

Abu uku ya kamata ka rarrabe. Na ɗaya, dokar ta bar wa wanda ya mallaki manhaja ta halal damar yin kwafin ajiya, don ranar da ta ɓace ko ta lalace. Na biyu, sashe na 50 ya haramta ƙetare kariyar fasaha da aka sa wa aiki, da kuma ƙerawa, shigowa ko sayar da kayan da aka yi don wannan ƙetarewar. Cip kuwa aikinsa ke nan. Na uku, kwafe aikin wani don sayarwa ko bayarwa haya ba tare da izini ba laifi ne mai tara ko ɗauri. A kwalin wasannin orijina ma akan rubuta cewa don amfanin gida aka sayar da su, ban da karɓar kuɗi a kansu. Wanda zai zuba jari mai kauri a wannan sana'a, ya nemi shawarar lauya.

A waje an sha kai ruwa rana. Wata babbar kotu a Ingila ta yanke a 2004 cewa sayar da cip ɗin Messiah ya saɓa doka. Kotun ƙolin Ostareliya ta ba wani mai sayar da cip gaskiya a kan Sony a 2005, amma daga baya aka gyara dokar ƙasar. A Amurka, a 2022, an yanke wa Gary Bowser ɗaurin wata 40 saboda sayar da kayan fasa na'urorin Nintendo. A duk waɗannan shari'u, masu sayarwa aka gurfanar. Nauyin mai kasuwanci da abin ya fi na mai wasa a ɗakinsa.

Wa ake cuta, tunda Sony ma ya daina ƙera ta?

Tambayar tana da hujja. Ba a buga sababbin faifan PS2 yanzu, kuma mutumin Rogo ba shi da shagon da zai shiga ya sayi orijina. Wannan gaskiya ce. Sai dai daina sayar da abu ba ya kashe haƙƙin mai shi a doka, kuma wasu tsofaffin wasannin ana sake sayar da su a sababbin na'urori.

Mu a Kano mun ga abin da faifan kwafi ke yi wa sana'a. Kasuwar finafinan Hausa, wadda ta cika Ƙofar Wambai da masu saye da sayarwa, ta durƙushe ne a hannun masu kwafi da masu tura fim a waya, har masu shiryawa suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24. Waɗanda suka rasa abinci a lokacin 'yan'uwanmu ne. Ɗabi'ar ɗaukar aikin wani kyauta ba ta bambanta na Japan da na Kano.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke, a zamanta na Kuwait a 1988, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta a kan kwafi don amfanin kai ba don ciniki ba. Ka kai wa malamin da ka amince da shi tambayarka yadda take, ka gaya masa ko na gida ne ko na kasuwa.

Me iyaye za su lura da shi?

Kwalin orijina yana ɗauke da alamar shekarun da suka dace. Na Turai lamba ce: 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka harafi ne: E na kowa, T na matasa, M na manya. Faifan kwafi sau da yawa a leda yake zuwa ba alama, filashi kuma yakan zo da wasanni barkatai da mai zubawa ya ga dama.

Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004 kuma ya fi kowane wasan PS2 kasuwa, na manya ne, akwai kisa, zagi da batsa a ciki. God of War ma haka. Uba ko uwa, ku sa a nuna muku jerin abin da ke cikin na'urar, ku sa a goge wanda bai dace ba. Mai gidan gem kuma, kare mutuncin sana'arka yana hannunka: kada ka karɓi yara a lokacin makaranta ko Islamiyya, ka rufe lokacin salla, kuma kada ka bari a sa kuɗi a kan wasa, domin da an sa ya zama caca.

PS3, PS4 da PS5 fa?

A waɗannan, zamanin faifan kwafi ya wuce. PS3 ta fito a 2006, PS4 a 2013, PS5 a 2020, kuma duka faifan Blu-ray suke amfani da shi, mai kariya mafi tsauri. Abin da ake yi musu shi ne fasa manhajar ciki, wanda ake kira jelbirek, a zuba wasanni a had-disk. A PS4 da PS5 wannan ya dogara da tsufan manhajar da ke ciki. Idan yaro ya jona intanet ya sabunta ta, fashin yakan tafi, wasannin su ƙi buɗewa. Kamfanonin kuma suna toshe na'urar da suka gano an taɓa daga wasan intanet, kamar yadda Microsoft ya yi wa ɗimbin na'urorin Xbox 360 a 2009.

Akwai hanyar halal da ba ta da tsada. Tun 2021 Konami ya mayar da wasan ƙwallonsa eFootball, wanda ake saukewa kyauta a waya da sababbin na'urori, sai dai yana buƙatar data.

Me zan yi kafin in biya?

Karanta lambar samfuri da ƙarfin wutar da aka rubuta a jiki. Tambayi mai sayarwa a fili: cip aka sa, ko memori ne ke aikin? Zare memorin ka kunna, za ka ga amsar da idonka. Dubi sukurori da takardar hatimin da ke bakin murfi, za su nuna maka ko an taɓa buɗe ta. Sa a gwada faifai fiye da ɗaya, ka bar wasa ya yi aƙalla rabin awa, kana sauraron ƙara, kana taɓa jikinta ka ji zafi. Gwada ramukan fad biyu, na memori biyu, da na USB. Ku yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da ita, a rubuta a rasit.

Idan na'urarka tana aiki lafiya kuma ba a taɓa buɗe ta ba, kada ka yi gaggawar miƙa ta a liƙa mata cip. Idan an riga an sa, ka rage wahalar da idonta, ka kare ta daga ƙura da mugunyar wuta. Idan kuma abinci kake son ci da ita, ka san matsayin doka da na addini a kan kwafin sayarwa tun kafin ka kama hayar shago.